Akwatin kifin teku: sati 6 ba kifi ciki

Ni sana'ata haɗa akwatin gilas na kifin ado, butikina na nan cikin Damagaram, yawanci kifin ruwan daɗi nake sa ma mutane a falo da otel, amma jefi jefi akan samu mai son na teku, irin masu kalar lemo da farin zanen nan. To nan ne muke shan magana, don abu na farko da nake gaya mishi shi ne, Alhaji akwatinka zai yi sati 4 zuwa 6 daga ruwa sai duwatsu, ba kifi ko ɗaya. Sai ka ga fuska ta canza, mutum ya zuba kuɗinshi yana so baƙi su zo su gani.

Ba son raina ba ne wallahi. Kifi yana fidda amoniya, ta kashi da kuma ta inda yake numfashi, ragowar abinci ma in ya ruɓe ita yake zama, kuma guba ce. A teku ruwa ya yi yawa, a akwatin lita 200 kuwa ba ta da wajen zuwa. Masu cinye ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido bai gani, suna zama jikin dutse da yashi da soson filta, kashi na farko su maida amoniya nitirit, ita ma guba ce, sai kashi na biyu su maida nitirit nitirat wadda take da sauƙi, ita da canjin ruwa ake rage ta. Sabon akwati ba su a ciki, kiwonsu ake yi kafin kifi, kuma ba su da saurin yaɗuwa.

Na farkon da na haɗa, kwana 3 na zuba kifi 4 saboda ruwan ya yi garau kamar na sha. Ban cika sati ba na iske su da safe a saman ruwa suna haki, baki na buɗewa yana rufewa, kafin la'asar duk sun kwanta. Halittun da suka sha doguwar tafiya a leda har suka iso da rai, a hannuna suka ƙare, har yau abin na min ciwo.

Yanzu ga yadda nake yi. Ruwa tatacce, don kulorin na pampo yana kashe bakteriyar. Gishiri kuma nashi daban ne, ana sayo shi a buhu da kalsiyam da magniziyam a haɗe, wani ya taɓa tambayata ko na Bilma zai yi tunda ga shi a kasuwa, na ce a'a baba, wannan sai miya da dabbobi. Wajen giram 35 a kowace lita, ke nan lita 200 zai ci kusan kilo 7, sannan in auna da ma'aunin gishirin ruwa sai ya tsaya 1.025. In jera duwatsu in kunna pompi, sai in jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe a ciki don ƙwayoyin su samu abin ci.

Daga nan sai awo duk bayan kwana biyu, ɗan kwalba ne ka ɗebi ruwa ka ɗiga magani. Irin wanda nake aiki da shi, na amoniya kore yake yi in tana nan, in ta tafi ya koma ɗorawa, na nitirit kuma shuɗi ne in lafiya, in ta hau ya rine ya yi kalar makuba. Amoniya ke fara hawa ta sauka, nitirit ta biyo baya, ita ce ma mai jan rai. Sai duka biyun sun zo sifili, na ƙara ma ƙwayoyin abinci cikin awa 24 sun sake komawa sifili, sannan in canza wani kaso na ruwan in sa kifi biyu tak.

Abin da ya fi ba mu wahala nan shi ne zafi da wuta. Ruwan yana son digiri 24 zuwa 27, mu kuwa Afrilu da Mayu sai mu wuce 40, shi ya sa ba na karɓar aikin in ɗakin ba kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki. In wuta ta ɗauke pompi ya tsaya na dogon lokaci iska ta ƙare, bakteriyar da ka yi sati 3 kana kiwo sai su fara mutuwa, dole batir da sola. Ruwa kuma na tsotsewa kullum amma gishiri yana nan, to da ruwan daɗi ake cikowa, kar a ƙara mai gishiri.

Akwai wanda nake bi yanzu a gidan wata Hajiya, yau kwana 19, duwatsun sun fara yin kalar ƙasa ƙasa, na ce mata kar a goge da sabulu, haka yake yi. Amoniya ta sauka, nitirit na nan makuba. Yaranta kullum sai sun tare ni a ƙofa, kawu yaushe kifi zai zo, jiya na ba ƙaramar cikinsu kwalbar awon ta riƙe da kanta na ce ranar da ya koma shuɗi ke za ki fara gaya min.