Masu ɗaura wa dawaki alamar hanya

A gasar Tevis ta Kalifoniya, mahaya kan ci mil 100 cikin awa 24, daga kusa da tafkin Tahoe har garin Auburn. Tun 1955 ake yin ta. Kowa dawakin yake yabo, ni kuwa masu ɗaura alama ne suka kwanta mini a rai. Su ke ratsa duwatsu da kwazazzabai suna rataya ƙyallaye a rassa, daidai inda idon wanda ke bisa sirdi zai kama. A mararraba sai su ƙara yawansu. Na dare kuwa 'yan sanduna ne masu haske. Mahayin da ya wuni a sirdi, gajiya ta ci ƙarfinsa, ƙyalle ɗaya in ya faɗi ya isa ya ɓatar da shi a daji.