Yadda na gane nau'i da jinsin ƙwaro mai ƙahon barewa

Ƙwarin dangin Lucanidae, waɗanda muƙamuƙin mazansu yake kama da ƙahon barewa, sun kai nau'i wajen 1,200 a duniya, don haka abin da ya fara rage mini aiki shi ne wurin da na tsinci nawa, wato gindin wani ruɓaɓɓen kututture a Turai cikin watan Yuni. Na sa shi cikin kwalba mai haske, na duba eriyar kansa, na ga ta lanƙwashe kamar gwiwar hannu, bakinta kuma yana da haƙora a jere waɗanda ba sa haɗewa, alamar da ta raba wannan dangi da dangin buzuzu.

Da namiji ne babba na nau'in Lucanus cervus, wanda masanin halittu Linnaeus ya sa wa suna a 1758, da ba a sha wahala ba, domin tsawonsa kan kai santimita 7.5, kansa yana da faɗi ƙwarai, muƙamuƙinsa kuma dogo ne mai rassa, da shi yake kokawa da sauran maza. Nawa kuwa bai wuce santimita 3 da 'yan kai ba a kan rula, muƙamuƙinsa gajere ne, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa, tunda macen Lucanus cervus tana kama da wani ƙaramin nau'i, Dorcus parallelipipedus, wanda namijinsa ma ba shi da dogon muƙamuƙi. Girma kaɗai ba hujja ba ne, saboda ya danganta ne da abincin da tsutsar ta samu a shekarun da ta yi tana cin ruɓaɓɓen itace.

Launi na fara bi. Dorcus baƙi ne wuluk marar sheƙi, alhali murfin fukafukin nawa yana sheƙi, launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu da ya ɗan karkata zuwa ja. Amma da yake haske yana iya yaudarar ido, na fi amincewa da ƙafa: na sa gilashin ƙara girma a kan ƙafar tsakiya na ƙirga ƙayoyi uku a ƙwaurinta, irin na Lucanus cervus, inda Dorcus ke da guda ɗaya tak. A ganina wannan ce alamar da ta fi kowace tabbas, kuma ita ce masu ɗaukar hoto suka fi mantawa da ita, suna ta ɗaukar hoton kai da baya.

Batun jinsi bai ɗauki lokaci ba: mace ce. Kanta bai kai ƙirjinta faɗi ba, ƙafafunta na gaba masu kauri ne da suka dace da tonon ƙasar da za ta yi ƙwai, kuma a ƙasa na same ta tana tafiya, yayin da maza suka fi tashi sama da magariba. Ban kai yatsa kusa da bakinta ba, domin gajeren muƙamuƙin mace ya fi na namiji zafin cizo. Na ɗauki hoton ƙafar da na kan tare da rula a gefe, sannan na mayar da ita gindin kututturen, tunda makonni kaɗan ne babban ƙwaron yake rayuwa a sarari.