Wasiƙa daga Frankfurt zuwa ga masu karatunmu na Damagaram

Assalamu alaikum, ƴan'uwa da abokan arziki na Birni, Zango da Sabon Gari. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku wannan takarda ne daga wani ɗan ɗakin masauki a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, daren Lahadi, 19 ga Oktoba 2025, ranar da aka tashi kasuwar baje kolin littattafai. Ƙafafuna sun kumbura, akwatina kuwa nauyinsa bai ragu ba.

Kun san yadda na fito. Kusan kilomita 900 cikin kar daga Zinder zuwa Yamai, sannan jirgi ta Istambul. Ba da kuɗina na zo ba, ina zan same su? Masu kasuwar suna da wani shiri na gayyato ƙananan maɗaba'u daga Afirka, Asiya da Latin Amurka, su ba ka tikiti da masauki da ɗan teburi. Kilishin da Hajiyarmu ta ɗaure mini a Yamai na bar shi, don an ce ba a shiga Turai da nama. Dabino da ƙuli-ƙuli ne suka riƙe ni, domin kofin gahawa ɗaya a nan ya ci mini yuro 4, wato sama da jika biyu da rabi na sefa.

Kaya kilo 23 aka yarda mini. Na cire riguna na cusa littattafai: na tatsuniyoyi guda biyu, na lissafin yara, da ɗan littafin waƙoƙin nan da muka buga bara. A raina, Kasuwar Dole zan tarar, babba dai, mai rufi. In shimfiɗa haja, a taya, in ce albarka, a ƙara, in sallama. Baƙo ko da ido makaho ne.

Kasuwar kwana biyar take ci, Laraba zuwa Lahadi. Gine-gine ne hawa-hawa, kowane ɗaya sai ya haɗiye filin ƙwallo, kuma tsakaninsu akwai wata hanya mai tafiya da kanta, ka tsaya ta kai ka. Maɗaba'u dubbai ne daga ƙasashe kusan ɗari. Kowace shekara ana karrama ƙasa ɗaya, bana Filifin ce. A 1949 aka farfaɗo da kasuwar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma cinikin littafi a garin ya girmi haka da ɗaruruwan shekaru, tunda Mainz, garin Gutenberg mai injin ɗab'i, nan kusa yake, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a jirgin ƙasa.

Ranar farko na jera littattafaina na zauna. Har la'asar ban sayar da ko ɗaya ba. Wata dattijuwa mai maɗaba'a daga Latin Amurka, maƙwabciyar teburina, ita ce ta ji tausayina ta warware mini da ɗan Faransancinta. A kwanakin farko ba littafi ake saye ba, izini ake saye: izinin fassara, izinin sake bugawa a wata ƙasa, izinin mayar da labari fim ko sauti. Akwai ma wani zaure na dillalan marubuta, tebura jere kamar ɗakin jarrabawa, kowace ganawa rabin awa, kuma tun watanni kafin Oktoba aka cike lokutan. Ni kuwa na zo ba alkawari da kowa.

Duk da haka mutum uku sun zauna da ni. Wata baturiya ta ɗauki littafin tatsuniyoyinmu, ta daɗe tana kallon zanen Gizo da Ƙoƙi, na ce yau abin nema ya samu. Sai tambayoyi suka biyo baya. Kwafi nawa kuka buga? Na ce 500. Ina taƙaitaccen bayaninsa da Turanci, da ɗan samfurin fassara? Babu. Ina lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya? Wannan ɗin ba shi da ita. Izinin zanen na wa ne, naka ko na mai zane? Nan bakina ya mutu. Yaron da ya yi zanen a gindin bedi muka yi magana, na ba shi abin da na ba shi, muka yi musabaha. Marubucin kuma amininmu ne, ban taɓa tunanin in sa shi ya sa hannu a takarda ba, kada ya ce ban yarda da shi ba. Ta ba ni katinta cikin ladabi ta tafi. Ban ga laifinta ba. Wa zai sayi gonar da ba a san iyakarta ba?

Amma abin da ya hana ni barci daban ne. Ranar Juma'a ina neman lungun da zan yi salla, sai na ji wani yana waya da Hausa. Bakano ne, shi ma mai buga littattafai. Muka rungume juna kamar mun shekara da sani. Jama'a, tsakanin Zinder da Kano bai kai kilomita 250 ba, ta Matamaye da Daura. Shekara da shekaru ina zuwa can sarin takarda da tawada, ban taɓa zama da mai maɗaba'a ko ɗaya na ce ga littattafanmu ba. Sai da muka ƙetare hamada da teku muka haɗu a kan benci, muna cin dabinona.

Ya buɗe littafin lissafin yara ya yi dariya, ya nuna ƴ ɗinmu mai ƙugiya, su da suke rubuta 'y. Ya ce in ban da wannan da kalmomin da muka aro daga Faransanci, su lakwal (makaranta) da mushe (malami), ba abin da yaro a Fagge ba zai gane ba. Muka yi lissafi a bayan wata ambulan. Abin da ke kashe mu bugu kaɗan ne, tunda kuɗin farantin ɗab'i da saita inji ɗaya ne ko 500 ka buga ko 5,000. In muka haɗa bugu, muka sauya bango da ƴan kalmomi, farashin kwafi zai sauko sosai. Matsalar naira da sefa da masu tsaron iyaka tana nan, ba mu warware ta ba. Na faɗa masa bana hukuma ta ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya ce to wa zai buga littattafan da za a karanta? Na yi shiru, don ni ma tambayar da nake yi ke nan tun watan Maris.

Tun ranar Juma'a aka buɗe wa kowa da kowa, jiya da yau kuwa matasa suka cika wurin sanye da tufafin jaruman littattafai, abin sai wanda ya gani. Na sayar da kwafi bakwai. Biyu wata ɗaliba ce ta saya, wadda ke koyon Hausa a jami'ar garin nan. Ta gaishe ni da "ina wuni", ta ce ta san Zinder daga tafiyar Barth, matafiyin nan Bajamushe da ake kira Abdulkarim, wanda ya sauka garinmu a ƙarshen 1852.

Marubutanmu da masu zane, in na iso zan bi ku gida-gida da takarda da biro, kada wanda ya ji haushi. Wanda ya iya Turanci ko Faransanci sosai ya neme ni a shago, akwai aikin fassara shafi goma-goma. Bakanon nan mun sa rana bayan an gama girbi, ni zan je, kuma sauran littattafan da na ɗauko har Jamus su ne zan kai masa.

A gaida Hajiya, a ce mata ƙuli-ƙulin ya kai ni har yau.

Naku,
mai ɗab'in littattafai na Zango