Katunan magana da muke haɗawa a Tudun Wada

Shagonmu yana Tudun Wada, Zariya. Aikinmu haɗa katunan hoto da allunan magana ga mutanen da baki ya kasa isar musu da saƙo: dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana, yaro mai galahanga, da wanda harshensa ke da nauyi tun haihuwa. Wasu daga ganin likita a Shika suke biyowa ta wajenmu.

In mutum ya zo, ba na saurin miƙa masa kaya. Sai na tambaya: me mai lalurar yake sha da safe, da wace buta yake alwala, wa yake nema in ransa ya ɓaci? Da kati shida nake so a fara: ruwa, abinci, banɗaki, ciwo, "ƙara", da "ya isa". Abincin nan kuwa hoton ainihin kokon gidan ne a cikin kofin da ya saba da shi, a turo mini ta WhatsApp in gyara in buga. Shi ya sa nake jin takaicin masu kwaso hotuna daga intanet, tuffa da cokali mai yatsu da bahon wankan Turawa, su manna wa leda mai laushi su sayar da arha. Yaron da bai taɓa ganin abu a gidansu ba, ta yaya zai nuna shi?

Zane na koya a Sabon Gari, wajen wani maigidana mai rubuta allunan shaguna. Ƙa'idarsa ita ce allon da mai wucewa a kan babur bai gane ba, asarar fenti ne. Har yau a kanta nake: abu ɗaya a kati ɗaya, bayansa fari tas, sunan abin da manyan baƙaƙe a ƙasa, da boko ko da ajami. Leda mai kauri nake sawa, in yanke kusurwa ta zama zagaye don kada ta karci ido, in huda in zura zobe. Katin da zai sha yawu da miya kullum ne fa. Amma sai a taya rabin kuɗi, wai an ga mai rahusa a kasuwa. Wata biyu a dawo da shi ya ɓare.

A can Sabon Garin ne kuma kurame abokan zamana suka koya mini maganar hannu tamu ta Hausa, wadda ta sha bamban da ta makaranta; ita ta makarantar tushenta a Amurka yake, wani malami kurma Ba'amurke, Andrew Foster, ya shigo da ita Ibadan a 1960. Dabarar miƙa kati a karɓi abin da ke jikinsa ita ma a Amurka aka tsara ta a 1985.

Iyaye kan ji tsoron kati ko alamar hannu za su hana yaro buɗe baki. Ba sa hanawa. Ki ce "ruwa" da bakinki, Hajiya, ki nuna katin, ki yi alamar, ki ba shi ruwan nan take. Yayye da kaka ma su riƙa yin haka, a rataye katunan inda hannunsa zai kai. In ya riƙe shidan nan, ku turo hotunan mutanen gida mu ƙara.