Abin da na koya kan tsirkiyar ƙaramar jita kafin in bar shago

Na bar shagon gyaran kayan kiɗan nan ƙarshen watan jiya, ƴan Maradi da ke harkar sun san wurin ba sai na kama suna ba. Abu guda nike so in rubuta saboda yaran da za su zauna kan bencin da na tashi, maganar ƙaramar jitar nan ce mai tsirkiya shida da ake ce ma gitalele, wadda ta fara shigowa hannun mutane yanzu, kuma kusan duk wanda ya saye ta buƙatarshi guda ce, a saita mishi ita kamar babbar jita.

Wadda tafi yawa ita ce Yamaha GL1, tun 1997 kamfanin ya fito da ita. Daga robar da ke ƙarshen wuya zuwa jaki, wato ɗan katakon da ake ɗaure tsirkiya bisa cikin jitar, tsawon tsirkiyarta milimita 433 ne, babbar jita ta nailan kuwa 650. Shi ya sa daga kamfani ake ɗaure tsirkiyoyinta shida a sautukan La Re Sol Do Mi La, kamar ka sa kapo, wato maƙalin da ke danne duka tsirkiyoyi, a mataki na 5 na wuyan babbar. In ka ce sai ka sauke ta zuwa Mi La Re Sol Si Mi irin na babbar jita da tsirkiyoyin da ta zo da su, ƙarfin ɗaurin zai faɗi zuwa kamar kashi 56 cikin 100, tsirkiya ta koma igiyar shanya, tana dukan matakai tana zizara, ka danna kaɗan sauti ya kauce. Laifin ba na jitar ba ne, gajeren wuya in ana son ya ba da murya ta ƙasa dole sai tsirkiya mai nauyi.

To wani malamin makaranta ya kawo tashi a saita mishi a Mi don ya riƙa koya ma ɗalibai. Na ce ma maigida, ranka ya daɗe a ba ni lokaci in haɗa mishi na nailan da sunka dace ko mu yi sautu daga Kano. Ya ce kai yaro tun ba a haife ka ba nike ɗaura tsirkiya, ɗauko na ƙarfe ka sa mishi ya tafi. Na ce to in dole ne sai a gaya mishi kar ya kuskura ya maida ta La da waɗannan. Ya ce in rufe mishi baki kar in kori mai saye. A gaban malamin ya faɗi haka da sauran yaran shago, kuma har yau wannan ya fi yi mini ciwo bisa kuɗin da anka yanke mini daga baya.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne a Mi ɗin na ƙarfen sun zauna lafiya, tunda wuyan gajere ne jan bai yi yawa ba, maigida har yana kallona yana dariya. Amma ƙarfe yana cin robar wuya da ta makunnan ɗauri, kuma wannan jita ba ta da sandar ƙarfe cikin wuya, jakinta ma gam ne kawai ya riƙe shi bisa katako maras kauri. Da malamin ya ga bidiyo a YouTube ana kaɗa irinta a La sai ya ja tashi sama, wanda ba laifinshi ba ne tunda ba wanda ya gaya mishi. Daga Mi zuwa La jan yana ƙaruwa kusan ninki 1.8, ga shi lokacin bazara ne zafin Afrilu ya sassauta gam, jaki ya ɗago ya tafi da fatar katakon. Da ya dawo da ita maigida ya nuna ni ya ce aikin yaron nan ne. Rabin kuɗin watana ya tafi, ni ne kuma na zauna na gyara ta, kuma wallahi gyaran ya yi kyau, ko shi bai iya samun abin cewa ba.

Ga yadda na ɗaura mata daga baya, kuma haka nike yi ma kowa yanzu. Ka sayi saitin nailan na babbar jita mai ƙarfin ɗauri, ka aje ta farko gefe, sauran ka gusa da su. Ta biyu wato Si ta zama ta farko a Mi, Sol ta zama Si, Re ta zama Sol, La ta zama Re, Mi mai kauri ta zama La. Sai wurin ta shida ya rage, nan kana buƙatar wadda ta fi duka kauri, irin ta bakwai da ake yi ma jita mai tsirkiya bakwai, ita ce mai wuyar samu a nan, gara ka yi sautunta tun da wuri. Ramukan robar wuya inda tsirkiya ke kwanciya za su yi ƙunci sai ka buɗa su da ƙaramin magagari a hankali, faɗi kawai za ka ƙara banda zurfi, in ka zurfafa zizara ta dawo. Wanda ke da mai zuwa waje kuma kamfanin Aquila na Italiya yana yin saiti na musamman don gitalele a Mi, jajaye ne, an sa musu nauyi ba tare da sun yi kauri sosai ba, da su ba sai ka taɓa wuya da yawa ba. Amma a duba kwalin da kyau don akwai na Mi ta sama wadda muryarta ta haura ta babbar jita da okta guda, wato ninki biyu, ba ita ake nema ba.

Kuma ko da ka yi komi daidai a gaya ma mai kaya gaskiya, Mi ta ƙasa tana wajen haz 82 ne, wato girgiza 82 a daƙiƙa, ƙaramin cikin nan ba ya iya fiddo ta da ƙarfi, za a ji ta amma ba kamar babbar ba. Ni a ganina wanda shi kaɗai yake koyo ya bar ta a La, yatsu iri ɗaya ne ba abin da ya canza, sai wanda zai kaɗa tare da wasu ko ya bi malami ne ke da dalilin sauke ta. Wannan maganar maigida bai taɓa bari in faɗa ma kowa ba don tana hana cinikin tsirkiya.

Sauran ƙanana ne. Sabon nailan yana miƙewa kwanaki, kar ka ce ya lalace. Da hunturu a bar ta cikin jakarta, ba a barinta cikin mota ko bisa babur a rana. Sannan duk saitin da ka yi ka rubuta shi a takarda ka liƙa cikin jakar, ka sa a wane sauti aka ɗaure ta da inda ba za a wuce ba, ko maigidanka ya so ko bai so ba.