Wasiƙa Daga Nesa: Lokutan Da Mai Cutar Bayifola Ya Fi Shiga Haɗarin Hallaka Kansa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu karatu a gida.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan cutar bayifola, wadda ke kai mai ita wani lokaci cikin zumuɗi mai wuce kima, wani lokaci kuma cikin ƙuncin rai mai tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 40 ke ɗauke da ita a shekarar 2019, kuma bincike ya nuna tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin masu cutar sukan yi yunƙurin kashe kansu a rayuwarsu.

Abin da ya fi damuna shi ne, hankalin dangi yakan tashi ne a lokacin zumuɗi, sa'ad da majiyyaci ke surutu ba tsayawa yana ɓarnatar da dukiya, alhali haɗarin ya fi yawa a lokacin ƙunci, musamman idan ƙuncin ya gauraye da zumuɗi. A irin wannan hali za ka ga mutum ya fid da rai daga komai, amma jikinsa bai mutu ba: barci ya ƙaurace masa, yana kai da kawowa a ɗaki cikin dare, tunani na ta tururuwa a kansa, abu kaɗan ya harzuƙa shi. Ƙunci ya kawo masa niyya, zumuɗi kuma ya ba shi ƙarfin aikatawa. Haka nan makonnin farko bayan sallama daga asibiti, lokacin da kowa ya saki jiki yana cewa an samu sauƙi, suna cikin mafi haɗari.

Babu alamar da ta kai yunƙurin da aka taɓa yi a baya ƙarfi. Bayanta akwai fara cutar tun ƙuruciya, da tasowarta sau 4 ko fiye a shekara, da shaye-shaye, da fargaba mai tsanani, da cin zarafi a yarinta, da samun wanda ya taɓa hallaka kansa a cikin dangi. Mata sun fi yawan yin yunƙuri, maza kuma sun fi mutuwa.

Ta fuskar halittar jiki, a 1976 likita Marie Åsberg da abokan aikinta a Suwidin suka gano cewa masu ciwon ƙunci da ke da ƙarancin wani sinadari mai fitowa daga sirotonin (sinadarin da ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa) a ruwan lakarsu sun fi yawan yunƙurin kashe kai. An kuma danganta haɗarin da rikicewar kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa a lokacin matsi, da kuma gado. Sai dai har yanzu babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai nuna wanda zai aikata, don haka abin da dangi suka lura da shi ya fi na'ura amfani ga likita.

Litiyom, wanda likita John Cade ya gwada wa masu zumuɗi a Ostireliya a 1949, shi ne maganin da aka fi samun hujjar cewa yana rage mutuwa ta wannan hanya. Yana buƙatar a riƙa auna shi a jini tare da duba ƙoda, kuma dakatar da shi farat ɗaya yana ƙara haɗarin sosai. Ina roƙonku, kada a bar majiyyaci ya daina magani saboda ganin ya ji sauƙi, sai da izinin likita.

Idan kun ga ɗan uwa yana rarraba kayansa ko yana cewa ya zama nauyi a kanku, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta cusa wa kowa wannan tunani. Idan ya amsa cewa haka ne, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba da makamai daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Wassalam,
Ɗan uwanku a ƙasar waje.