Iskandariyya, ranar da nawwar Karam ta kunno kai

Asuba. Iska tana kaɗowa daga kudu maso yamma, da ɗan ɗumi da ƙura a cikinta. Baƙo zai ce yau ranar wanki ce, amma masuntan unguwar Anfushi tun jiya suka ɗaure jiragensu. Hasashen safe ma haka ya nuna: ruwan sama a gaɓar tekun arewacin Masar, sanyi zai ƙaru, teku zai tashi. Ga shi an shiga hutun tsakiyar shekarar karatu, lokacin da ɗalibanmu na Alƙahira ke ɗaukar jaka su taho kallon teku.

Mutanen gari suna kiran irin wannan hadari nawwa, kowace da sunanta da lokacinta. Akwai ta Ras al-Sana a farkon Janairu, da Faila Babba wajen 12 ga wata, da Giɗas wajen 19, sai Karam a ƙarshen wata, wadda kan ci kusan mako. Jadawalin yakan zame da kwana biyu ko uku, wata shekarar ma nawwar ta zo da iska kawai. Muna cikin watan Ɗuba na kalandar Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, watan da Misirawa ke cewa sanyinsa yana mai da budurwa tsohuwa.

Hantsi. Iskar ta juya, yanzu daga yamma take zuwa. Wannan juyin shi ne alamar da ta fi duk wata sanarwa. Iska mai sanyi ce ke gangarowa daga Turai, ta bi ta kan Bahar Rum wanda ruwansa ya fi ta ɗumi, ta kwashi tururi, hadari ya haɗu wajen tsibirin Kubrus yana juyawa. Gabansa iskar kudu mai ƙura, bayansa ta arewa maso yamma mai ruwa. Shi ya sa ruwan ke zuwa a gutsure: a tsuga na minti ashirin, rana ta leƙo, a sake tsugawa. Iskandariyya na samun kimanin milimita 200 a shekara, kusan duka a lokacin sanyi. Alƙahira kuwa abin da take samu bai wuce 25 ba.

Azahar. An fara ruwan. Wanda bai hau rufi ya share bakin bututu da safe ba ya makara. Lissafin ba wuya: milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan murabba'in mita ɗaya. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 20, ya ɗauki lita 2,000, duro goma ke nan, nauyin tan biyu. Rufin nan a shimfiɗe yake, mafitarsa bututu ɗaya ko biyu, kuma yashi da leda sun yi wata tara suna taruwa a bakinsu. Ruwan sai ya kwanta, ya bi tsagar siminti, ya ɓullo a silin ɗin bene na sama, sau da yawa ta wajen wayar fitila. A titi ma matsalar ɗaya ce, don a yawancin unguwanni ruwan sama da na bayan gida bututu ɗaya suke bi, in ya cika sai ya dawo ta murfin kwalbati. A ambaliyar Oktoban 2015 har gwamna ya yi murabus, kuma cikin waɗanda suka rasu akwai waɗanda lantarki ya ja a cikin ruwa. Kada a taɓa turken fitila, kada a tsallaka kududdufin da ba a ganin ƙasansa.

La'asar. Igiyar ruwa tana tsallake shingen bakin teku tana watsowa kan titi. Kifi zai yi tsada gobe.

Sanyin kansa a lamba ba wani abu ba ne: rana kimanin digiri 18, dare kimanin 9. Wanda ya san hunturun Kano ko Damagaram zai raina shi, sai ya kwana ɗaya. Namu busasshe ne, wannan jiƙaƙƙe, yana shiga bango da katifa. Wanki kan yi kwana biyu bai bushe ba. A janye kabad daga jikin bango kamar tafin hannu, a buɗe taga rabin awa duk sanda rana ta leƙo, in ba haka ba fumfuna ta cinye bayan kaya.

Dare. Haɗarin da ya fi ruwan yana cikin gida. Hita mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, ƙaramar wayar jona soket ba ta ɗauka, narkewa take yi, don haka a jona ta kai tsaye a bango. Tukunyar ɗumama ruwa mai gas kuma, in tana cikin banɗaki, sai an bar taga a buɗe, bututun hayaƙinta ya fita waje. Harshen wutar shuɗi ya kamata ya zama. In ya koma rawaya ba ta cin gas ɗin daidai, tana fitar da guba marar wari. Ciwon kai da jiri a wurin wanka, a fito nan take. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ma haka yake kashewa.

Mai komawa Alƙahira bayan nawwa ya fi masa ya hau jirgin ƙasa. Da iska ta kwanta, hazo kan rufe hanyar hamada da asuba, har a tsayar da motoci sai rana ta ɗaga.